Kafin mu ce yaron nan ya gaza: Bears, Caleb Williams da sabon koci

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga shirin wannan makon a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ƙwallon Amurka za mu taɓa, wato gasar NFL. Na san wasu za su ce, wai kai ba ka gajiya da wannan kokawar ta masu hular kwano? To ku yi haƙuri ku tsaya, ko ba ku taɓa kallon wasan ba za ku gane inda na dosa. Ranar Litinin, 20 ga Janairun 2025, labari ya fito cewa ƙungiyar Chicago Bears ta ɗauki Ben Johnson a matsayin babban koci. Tun daga ranar ake ta aiko min da saƙo. Wani mai sauraro daga Zariya cewa ya yi: "Malam, ko wa za su kawo, yaron nan Caleb Williams ba zai yi ba, zuzuta shi kawai aka yi." Wannan maganar ce ta tsaya min a rai, kuma a kanta zan yi shirin yau.

Bari in ɗan share fage saboda sababbin shiga. A wannan wasan akwai ɗan wasa guda da ake kira kwatabak. Shi ne madugun hari. Duk lokacin da za a fara kai hari, hannunsa ƙwallo ke fara zuwa, shi zai zaɓa ko ya jefa wa wani a gaba, ko ya miƙa wa mai gudu, ko shi da kansa ya ruga da ita. Kuma duk wannan cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, alhali wasu ƙarti masu nauyin kilo 120 zuwa sama suna ƙoƙarin danne shi. A ƙwallon ƙafar da muka saba babu wani gurbi da ya kai wannan nauyi. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, ba a faɗawa rukuni na ƙasa, kuma duk watan Afrilu ana zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, inda ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa. Saboda haka yaron da ya fi kowa ƙwarewa a jami'a, gidan da ya fi kowane lalacewa ake kai shi. Ku riƙe wannan.

Yanzu Bears. Tsohuwar ƙungiya ce, tana cikin waɗanda aka kafa gasar da su a 1920, kuma har yau tana hannun zuri'ar George Halas, wato iyalan McCaskey. Rabonta da kofin Super Bowl tun kakar 1985. Zuwa ƙarshen kakar 2024, rabonta da cin ko wasa ɗaya a zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun Janairun 2011. Ga kuma abin da ke ba ni mamaki: ita kaɗai ce a gasar da ba ta taɓa samun kwatabak da ya jefa yadi 4,000 a kaka ɗaya ba. Zuwa kakar 2024, wanda ya fi kowa shi ne Erik Kramer, yadi 3,838, a 1995. Ko haihuwata ba a yi ba lokacin. Shekara sama da 100 a ce duk yaran da suka zo garin Shikago ba su iya jifa ba? Haba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ku bi ni mu ƙirga. A 2017 janar manaja Ryan Pace, wato mutumin da ke zaɓen 'yan wasa da ɗaukar koci, yana da zaɓi na 3. Ya ba San Francisco zaɓuka uku na zagayen baya don kawai ya matsa mataki ɗaya zuwa na 2, ya ɗauki Mitchell Trubisky, yaron da wasa 13 kacal ya fara a jami'ar North Carolina. A wannan daren Kansas City ta ɗauki Patrick Mahomes a lamba 10, Houston ta ɗauki Deshaun Watson a lamba 12. Kowa ya san wannan, shi ake yi wa magoya bayan Bears gori da shi har gobe. Amma abin da ba a cika faɗa ba, kocin da Trubisky ya tarar, John Fox, ƙafarsa ɗaya tana waje. Kakar na ƙarewa aka sallame shi, aka kawo Matt Nagy. Yaro ya koma aji ɗaya.

2021, Pace da Nagy su ma kujerarsu na rawa, sai suka sake hawa sama daga lamba 20 zuwa 11, suka ɗauko Justin Fields. Wasan farko da ya fara, da Cleveland, sau 9 aka kayar da shi kafin ya jefa. Kakar na ƙarewa, Janairun 2022, aka kori Pace da Nagy rana ɗaya. Aka kawo Ryan Poles janar manaja, Matt Eberflus koci. Ba su suka zaɓi Fields ba, gado suka tarar. Shekara biyu bayan nan suka miƙa shi Pittsburgh a kan zaɓin zagaye na shida, kusan kyauta.

2024, ga zaɓi na 1 a hannu, ga Caleb Williams, wanda ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2022. Duk mai hankali ya ce, to wannan karon a fara da sabon koci, su taso tare. Ina! Aka bar Eberflus, mutumin da ya ci wasa 10 cikin 34 a shekara biyu, kuma fanninsa tsaron gida ne ba hari ba. Mai tsara hari kawai aka canza, aka kawo Shane Waldron. Wasa tara aka yi aka kori Waldron. Wasa uku bayan nan aka kori Eberflus. Sau uku ke nan a jere, cikin shekara takwas, ana ɗauko yaro a damƙa shi ga kocin da za a kora kafin yaron ya shekara. Sau ɗaya ka ce tsautsayi ne. Sau uku fa?

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai ƙwallo ƙwallo ce, ko wane koci ne jifa dai za ka yi. A nan ne wasan ya bambanta da namu. Kowane mai tsara hari yana da kundinsa, ɗaruruwan dabaru, kowace da sunanta, kuma sunayen ba iri ɗaya ba ne daga koci zuwa koci. Akwai 'yar rediyo a cikin hular kwatabak, koci zai faɗa masa dabarar, doguwar jimla, shi kuma ya maimaita wa mutum goma, ya jera su, ya karanci yadda abokan hamayya suka tsaya, in ya ga tarko ya canza. Daƙiƙa 40 ake ba shi tsakanin hari da hari, kuma idan saura 15 rediyon yankewa take, ya rage daga shi sai Allahnsa. Har yawan takun da zai yi da baya kafin ya jefa, koci ne ke tsarawa. To canza masa koci kamar ka sa yaro a makarantar da ake koyarwa da Faransanci ne, ya fara kamawa, shekara na zagayowa ka ce daga yau Larabci za a yi, sannan ka zo ranar jarrabawa kana cewa yaron daƙiƙi ne.

Kuma akwai maganar kuɗi. Kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe a albashi, a kakar 2024 dala miliyan 255 da ɗoriya. Sabon ɗan wasa albashinsa a ƙayyade yake: kwantiragin Caleb na shekara huɗu bai kai dala miliyan 40 ba gaba ɗaya, alhali Dak Prescott na Dallas miliyan 60 yake karɓa a shekara guda. Wato waɗannan shekaru huɗun su ne garaɓasa, lokacin da za ka iya zuba rarar kuɗin wajen sayo masa masu tare masa da masu cafe masa. Bears ta ƙona ɗaya daga ciki a banza.

Ni na kalli yadda ta ƙone. Tsakiyar Oktoba sun je Landan sun lallasa Jacksonville 35 da 16, sun ci huɗu sun faɗi biyu, muna ta murna. Sai wasan Washington, 27 ga Oktoba. Nan gida dare ya raba, ina zaune da waya a hannu batir na kuka. Bears na gaba, saura daƙiƙa biyu, Jayden Daniels ya yi jifan nan na a-mutu-ko-a-yi-rai daga tsakiyar fili, ɗan bayan Bears Tyrique Stevenson yana can yana tsokanar 'yan kallo har aka fara wasan bai sani ba, ya rugo ya taɓa ƙwallon, ta faɗa hannun Noah Brown. 18 da 15. Daga ranar sai da suka faɗi wasa goma a jere.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na Detroit, 28 ga Nuwamba. Ana bin su 23 da 20, sun shigo yankin abokan hamayya, aka kayar da Caleb saura wajen daƙiƙa 32. Eberflus yana da damar tsayar da agogo guda ɗaya a aljihunsa. Bai yi amfani da ita ba. Yana tsaye yana kallo, yaron na ta faman jera mutane, agogo na zuba, sai da ya rage wajen daƙiƙa shida aka fara, ya jefa wa Rome Odunze (wannan mahaifinsa ɗan asalin Najeriya ne, ga masu tambaya), ba ta kamu ba, lokaci ya ƙare. Washegari da safe aka bar kocin ya yi taron manema labarai yana maganar wasa na gaba, bayan 'yan sa'o'i aka kore shi. Karon farko ke nan a tarihin ƙungiyar da aka kori koci ana tsakiyar kaka. Ko korar ma ba a iya yi da tsari ba.

Yanzu ku dubi Washington ɗin da ta doke su. Kakar 2023 wasa 4 ta ci, ta faɗi 13. Sabon mai ƙungiya, Josh Harris, ya kawo janar manaja Adam Peters, aka kawo koci Dan Quinn, aka kawo mai tsara hari Kliff Kingsbury, sannan aka zaɓi Jayden Daniels a lamba 2, bayan Caleb kai tsaye. Duk cikin wata huɗu. Kowa ya san in jirgin ya nutse tare za su nutse, babu mai cewa ba ni na kawo wane ba. Sun ci 12, kuma sun kai har wasan ƙarshe kafin Super Bowl. Abin haushin, Kingsbury ɗin nan yana cikin masu horar da Caleb a jami'ar USC a 2023.

To mai saurarona na Zariya, ga tambayata gare ka. Da a ƙarshen 2016 aka tambaye ka Jared Goff, me za ka ce? Zaɓi na 1 ne, ya fara wasa bakwai a shekararsa ta farko, ya faɗi bakwai. Aka kawo Sean McVay, cikin shekara biyu sai ga shi a Super Bowl. Daga baya Rams ta gaji da shi ta tura shi Detroit kamar kayan gwanjo, kuma wa ya sake tayar da shi a can? Ben Johnson ɗin nan. Baker Mayfield, zaɓi na 1 a 2018, koci huɗu ya gani a Cleveland cikin shekara uku, aka yi ta yawo da shi, Carolina, Rams, har ya sauka Tampa Bay, a kakar 2024 ya jefa ƙwallon ci 41. Sam Darnold, Jets ta yar da shi, kowa ya shafa fatiha, a kakar 2024 a Minnesota ƙarƙashin Kevin O'Connell ya ci wasa 14. Shi kansa Mahomes, shekararsa ta farko a benci ya yi ta, yana kallon Alex Smith, yana koyo wajen Andy Reid wanda har yau shi ne kocinsa. Ni ban yarda cewa da Bears ce ta ɗauke shi a 2017 zai zama Mahomes ɗin da muka sani ba. Zai yi kyau, e, amma wannan? Ina shakka.

Sai dai kar in cika baki, don maganar tana da ɗaya gefen. Trubisky ya bar Shikago, ya je Buffalo, ya je Pittsburgh, bai zama komai ba. Fields ya fara wasa shida a Pittsburgh a kakar 2024, ya ci huɗu, duk da haka aka zaunar da shi aka sa Russell Wilson. Darnold ɗin da nake yabo, wasanni biyun ƙarshe da suka fi muhimmanci ya watse, Detroit ta ci su 31 da 9, Rams ta ci su 27 da 9. Wato koci nagari yana iya ɗaga ka, amma ba zai sa maka abin da babu ba. Kuma Caleb yana da nasa laifin. Sau 68 aka kayar da shi a kakar 2024, ya fi kowa a gasar, saura kaɗan ya kamo tarihin David Carr na 76 a 2002. Ba duka ne laifin masu tare masa ba. Yaron yana riƙe ƙwallo ya daɗe, yana neman abin al'ajabi alhali ga mutum a kusa a buɗe. A jami'a wannan ya yi masa aiki, a nan kafin ka waiga an danne ka. Dogon jifansa ma a kakar sau da yawa wuce mutum yake. Wannan duk gaskiya ne. Amma yaron da ya jefa yadi 3,541, ƙwallon ci 20, aka cafe masa 6 kacal, cikin wannan hargitsin, kuma ya buga duka wasanni 17 bai taɓa fashi ba duk da dukan da ya sha, ya rufe kakar da doke Green Bay a gidansu, ni ban ga hujjar yanke masa hukunci ba tukuna. Abin da zan iya cewa shi ne har yanzu ba a gwada shi ba.

Wataƙila abin yana taɓa ni ne don na gan shi a wani wurin. Akwai wani shirin koyar da matasa sana'a da na yi aikin sa-kai a ciki bayan na gama hidimar ƙasa, ba zan kama suna ba. Cikin shekara ɗaya shugaba uku aka canza mana. Kowa ya zo da fom ɗinsa, da tsarinsa, ya soke na wanda ya gabace shi. Da shirin ya rushe, rahoton da aka rubuta cewa ya yi matasan ba su da himma. Babu layi ɗaya a kan waɗanda suka yi ta naɗe-naɗen. Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce yaro ya gaza, nakan fara tambayar wa ya ɗauko shi, wa aka ba shi ya koya masa, kuma shi mai koyarwar kwana nawa ya yi. 'Yan Manchester United da ke saurare, ba sai na yi muku bayani ba, tun tafiyar Ferguson a 2013 kuke cikin wannan karatun.

To Ben Johnson fa? A takarda, wannan ne ɗauka mafi ma'ana da Bears ta yi tun da na fara bin ta. Shekararsa 38 lokacin da aka ɗauke shi. Shekara uku yana tsara harin Detroit, a kakar 2024 sun ci wasa 15, sun fi kowa zuba maki a gasar, 564. A farkon 2024 ƙungiyoyi sun neme shi ya ce a'a ya zauna, wato ba mai rawar jiki ba ne, ya zaɓi inda zai je. Kuma shi da kansa zai riƙa kiran dabarun hari, wanda ke nufin ko wata ƙungiya ta zo ta ɗauke mataimakansa, harshen da Caleb ke koyo ba zai canza ba. A wurina wannan ya fi komai.

Amma ina da fargaba biyu, ko in ce biyu da rabi. Kafin Bears ta ɗauke shi bai taɓa zama babban koci ba. Tsara dabara daban, riƙe ɗakin mutum 53 da suka faɗi wasa uku a jere daban. Nagy ma haka aka kawo shi daga Kansas City ana kiransa gwani, ya ci wasa 12 a shekarar farko har da kyautar kocin shekara, daga nan abin ya yi ta zamewa. Sannan a Detroit Johnson yana da katanga, su Penei Sewell da Frank Ragnow da Taylor Decker, waɗanda suka riƙa ba Goff lokaci ya sha shayi kafin ya jefa. Goff kuma mai bin tsari ne, taku kaza, jefa, shi ke nan. Caleb ɗan ƙirƙira ne. Ko dai kocin ya lanƙwasa tsarinsa, ko yaron ya lanƙwasa halinsa, kuma ina sa ran wata biyun farko za su yi muni kafin su daidaita. Don Allah in hakan ta faru kar ku cika min waya da "ai na faɗa maka".

Rabin fargabar, wanda watakila ya fi sauran girma, shi ne Ryan Poles. A yi masa adalci, cinikin da ya yi da Carolina a 2023 gwaninta ce: ya ba su zaɓi na 1, ya karɓo DJ Moore da tarin zaɓuka, Carolina ta ci wasa biyu kacal, zaɓinsu ya zama na 1 a 2024, shi ne Caleb. Amma shi ne ya ba da zaɓin zagaye na biyu a kan Chase Claypool, wanda bai cafe ƙwallo 20 ba kafin a rabu da shi. Shi ya ɗauki Eberflus, shi ya bar shi. Shi da ya buga gurbin masu tare wa kwatabak a jami'a, katangar da ya gina ce aka keta sau 68. A shekara ukunsa na farko, ya ci 15 ya faɗi 36. Shugaban ƙungiyar na yanzu, Kevin Warren, a 2023 ya zo, wato shi ma tarar da Poles ya yi, ba shi ya ɗauke shi ba. Kun ga matsalar? In kakar 2025 ta yi tsami, wa za a fara kora? Poles. Sabon janar manaja ya zo ya tarar da kocin da ba nasa ba, da kwatabak ɗin da ba nasa ba, mu koma gidan jiya karo na huɗu.

Ni da George McCaskey zai ji ta tawa, tunda sun yanke shawarar barin Poles, to su ɗaure shi da Johnson da igiya ɗaya, kwantiraginsu ya ƙare shekara ɗaya, kowa ya san tare za a yi musu hisabi. In ba su yarda da shi har haka ba, da sun sallame shi tun farkon Janairun 2025. Tsakiyar ce ba na so. Kuma abin da zan zuba wa ido daga nan zuwa Afrilu ba kalaman taron manema labarai ba ne, duk da na ji daɗin yadda Johnson ya tsokani kocin Green Bay tun ranar farko. Ina so in ga mutum nawa za su sayo a tsakiyar katangar nan idan kasuwa ta buɗe a watan Maris, da kuma wa za su ɗauka da zaɓinsu na 10. In suka sake kwaso masu cafe ƙwallo suka bar yaron ba mai tare masa, to ni ma zan dawo nan in ba ɗan'uwana na Zariya haƙuri, amma ba don Caleb ba.

   Ku ajiye min ra'ayinku a ƙasa, musamman wanda ke ganin na yi wa Poles sassauci ko na matsa masa da yawa, zan karanto wasu a shiri na gaba. Sai mun haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.